Matasan Kai Huɗu

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Yau na sauko da katakan gado daga saman rufi. Guda huɗu ne, marigayi mijina Sjoerd ya sassaƙa su da hannunsa shekara hamsin da suka wuce, ko tsagewa ba su yi ba. Da su aka ɗaga gadona na haifi 'ya'yana uku a ɗakina, don ungozoma ba za ta yi ta sunkuyo har bayanta ya ƙage ba. Douwe, autana, ya tarar da ni a kan tsani.

"Mem, saura kusan wata uku fa! Kuma wa ya ce ki hau tsani da wannan gwiwar?"

Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, ya riƙe min tsanin ya rufe min baki.

Matarsa Luwam ta zo ta duba katakan tana dariya. Shekararta huɗu a nan, daga Keren ta Eritiriya, bango ɗaya ya raba gidana da nasu, kuma wannan ne cikinta na fari. Ta ce, "Mem, ku mutanen Friesland kun cika abin mamaki. Uwata a gida ta haife mu don asibiti ya yi nisa. Ku ga asibiti a ƙarƙashin hancinku, kun ce sai gida." Na ce ai nan ne daɗin yake, mace ta haihu a gadonta, ta sha shayi a kofinta. Ta ce to ita ma haka za ta yi, ba za ta ba ni kunya ba. Raina ya yi fari tas.

Da za ta tafi ta ari matashin kai ɗaya. Ina da goma sha ɗaya, Douwe ya daɗe yana cewa in buɗe kanti.

Laraba, 5 ga Maris, bayan abincin rana

Mun je kasuwa a keke. A gadar nan ta bakin coci, wadda ko agwagwa ba za ta kira ta tudu ba, sai Luwam ta sauka tana turawa. Na jira ta a sama na ce, "Ni da cikin mijinki har ranar haihuwa ina kan keke, da buhun dankali a baya. Ciki ba ciwo ba ne, 'yar nan." Ta ɗaga min hannu tana haki, ta ce in bari ta sami numfashi za ta rama.

Marrit ungozoma ta duba ta jiya. Jariri lafiya lau, bugun zuciyarsa kamar doki. Haki kuwa, in ji ta, kowace mai ciki tana yi. To ka ji.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Gahawar Luwam, awa uku cur. Sai an soya, an daka, an turara, an sha sau uku. Ni da nake zuba ruwan zafi in sha a tsaye, yanzu na koyi zama. Ta ba ni labarin ƙanwarta Selam da za a yi wa aure a watan Satumba. Wai duk gidansu Sarauniya ake ce mata, don in an aike ta ɗebo ruwa sai ta zauna sau biyar a hanya. "Lalaci ne kawai, Mem, tun muna gado ɗaya haka take." Muka yi ta dariya.

Ta ari matashi na biyu. Ta ce in ta kwanta sosai jaririn yana danne mata ƙirji.

Lahadi, 9 ga Maris, da hantsi

Matakala goma sha uku ne a gidansu. Ta tsaya a ta bakwai. Ba ƙirgawa nake yi ba.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Douwe ya buga wa asibitin unguwa waya saboda tarin da take yi. Mai ɗaukar waya ta ce ta sha farasitamol, ta huta, in bai tafi ba nan da mako biyu a sake kira. Luwam ta ce a ƙasar nan ko kan mutum ne ya cire, farasitamol za a ba shi a ce ya dawo bayan mako biyu. Na so in kare ƙasata, na rasa ta inda zan fara.

Matashi na uku ya tafi. Douwe ne ya zo ɗauka, bai ko zauna ba.

Gwiwata da sauƙi. Iska daga yamma.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na hau sama in gwada katakan a ƙafafun gadonsu. Na ƙwanƙwasa kafin in shiga, don ranar aurensu na yi alkawari ba zan zama irin uwar mijin da ke faɗowa mutane kamar ruwan sama ba.

Matasai huɗu a gefenta, nata ɗaya, nawa uku, an jera su kamar kujera. A zaune take barci.

Na san gado irin wannan.

Ban gwada katakan ba. Na sauko na ɗora dankali, na bar shi ya ƙone, ni da rabona da ƙona tukunya tun Douwe yana makarantar firamare.

Juma'a, 14 ga Maris, da safe

Ba ruwana. Marrit ta yi karatu, ni ɗinki na koya. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Juma'a, da la'asar

Ta tsaya a matakala ta biyar.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na kira ta fere dankali, don a kan fere ake samun magana. Na tambaye ta kamar da wasa ko ta taɓa yin wani dogon ciwo tana yarinya.

"Ciwo? Ban da maƙogwaro. Duk damina sai ya zagaye gidan, mu takwas a ɗaki ɗaya, in ɗaya ya yi tari kowa ya samu rabonsa. Sau ɗaya dai, ina shekara goma, gwiwata ta kumbura da zazzaɓi. Ta saki, ya koma idon sawu, ya saki, ya koma gwiwar hannu, kamar baƙon da ya rasa masauki. Kakata ta shafa min man shanu, bayan wata guda ya wuce da kansa."

"Ba a yi miki allura ba?"

"Allurar me, Mem? Ai na warke."

Na ce mu ma mu tara ne a ɗaki biyu, bango yana zufa damina da rani, mu ma haka maƙogwaro yake zagaye mu. Ta yi mamaki, ta ɗauka tun fil azal kowa a ƙasar nan da ɗakinsa aka haife shi. Na ce yayata Hiske ta yi irin wannan ciwon na gaɓoɓi tana shekara goma sha uku.

"Ita ma ta warke?"

Na ce ta miƙo min ƙaramar wuƙa, wannan ba ta ci.

Lahadi, 16 ga Maris, bayan coci

Na tare Douwe a lambu na gaya masa abin da nake tsoro, cewa zuciyarta ce, kuma cikin yana ƙara mata nauyi. Ya ajiye shebur.

"Mem, ke ce fa kika ce ciki ba ciwo ba ne. Ke kika kawo katakai. Yanzu da ta kwantar da hankalinta za ki tsorata ta da ciwon da ya ƙare a ƙasar nan tun talabijin ba shi da launi?"

"A ƙasar nan ya ƙare. A ƙasar nan matarka ta yi yarinta?"

"Ungozoma ta gani, asibiti sun ce a jira. Don Allah ki bari masu aikin su yi aikinsu."

Ya shige gida ya ja ƙofa. Taurin kan ubansa ne, ba nawa ba. Abin da ya fi min ciwo shi ne gaskiya ya faɗa, ni na tura yarinyar nan kan keke, ni na yi mata dariya a kan gada. Na ji kunya ƙwarai.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe takwas da minti biyar na safe

Na buga wa asibitin unguwa waya na ce gwiwata ta tashi, ba na iya taka ta. An ba ni gobe. Allah ya yafe min, gwiwar ba ta taɓa yin daɗi kamar makon nan ba.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Na ce wa Luwam ta raka ni, ba na iya tafiya ni kaɗai. Na yi ɗingishi har asibiti, ita tana riƙe da ni tana haki, ni ina riƙe da ita a asirce. Likitan sabo ne, Dokta Hoekstra, ina jin ina da rigar sanyi da ta girme shi. Dokarsu kowa ya sani, minti goma, ciwo ɗaya.

"To, Uwargida Postma, wace gwiwar ce?"

"Gwiwar tana gaishe ka. Na ba surukata mintunana goma. Ka saurari ƙirjinta."

Luwam ta zaro ido. "Mem!"

Likita ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce sai an buɗe mata nata lokacin daban, kuma mai ciki a hannun ungozoma take. Na ce saura minti tara. Na ce matashi huɗu take kwana a kai, matakala biyar ke tsayar da ita, tana tari, kuma tana shekara goma gaɓoɓinta sun kumbura ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya yi mata allura. Murmushin ya ragu. Ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjinta tana zaune, ya ce bugun yana da sauri amma bai ji wani abu ba.

Na ce, "Ba haka ake yi ba. Kwantar da ita ta gefen hagu. Ka sa a nan, ƙarƙashin nono, kada ka danna. Ki fitar da numfashi ki riƙe, 'yar nan."

"Ke ma'aikaciyar jinya ce da?"

"Tela ce. Na ga ana yi, ina tsaye a bakin ƙofa."

Ya yi yadda na ce, wannan kam na yaba masa. Ya saurara, ya gyara, ya sake saurara. Kunnuwansa suka yi ja. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "A littafi kawai na taɓa ganin wannan." Daga nan ya ɗauki waya, kuma bai ambaci farasitamol ba.

Mun yi minti arba'in a ɗakin. Da muka fito, layin masu jira suna ta hararata, na manta da ɗingishin gaba ɗaya.

Laraba, 19 ga Maris, da yamma

Tana babban asibiti a birni. Sun yi hoton zuciyar. Akwai wata 'yar ƙofa a ciki da zazzaɓin yarinta ya ƙona, ta yi tabo, ta ƙuntace, jini ba ya wucewa sosai sai ya taru a huhu. Shekara ashirin abin yana nan shiru, ciki ne ya tono shi. Likitar zuciyar ta ce da a gida naƙuda ta same ta a haka... ba ta ƙarasa ba, ni ma ba zan ƙarasa mata ba.

An ba ta maganin rage ruwa da na rage gudun zuciya. Ɗaliban likita sai layi suke a bakin gadonta, kowa yana so ya ji da kunnensa, don ba su taɓa ji ba. Luwam ta ce, "A Keren kowace unguwa akwai mai irinsa, babu mai saurara. A nan ni kaɗai ce, na zama rediyo." Ta sa su duka sun koyi gaisuwa da yarensu kafin su taɓa ta.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Douwe ya shigo ba sallama ya zauna a teburina. Na zuba masa miyar wake. Ya cinye, na ƙara, ya cinye. Ya ce, "Miyar ta yi daɗi, Mem." Ya fita ya gyara ƙofar lambuna da ta yi shekara biyu tana kuka. A danginmu haka ake ba da haƙuri, kuma na karɓa.

Lahadi, 23 ga Maris, da la'asar

Maganin bai isa ba. Ranar Laraba za su zura wani siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, da ɗan balan-balan a bakinsa, su hura, ƙofar ta buɗe. Da jaririn a ciki. Sun ce sun saba. Na ce to.

Ba ta gaya wa uwarta ba. A wurinsu ba a faɗin mugun labari ta waya. Na ce mata, "Sarauniya fa? Gado ɗaya kuka kwana, kuma kin ce ita ma sai ta zauna a hanya." Ta ce ita ma abin yana ranta, amma in ta tambaya yanzu uwarta za ta gane, kuma tsohuwar tana da hawan jini. Sai ta haihu.

Na kai mata cuku da burodi, don abincin asibitin nan ko kare zai yi tunani.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe sha biyu na rana, a ɗakin jira

Sun shiga da ita. Douwe yana zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ni ina rubutu don hannuna ya sami abin yi.

Hiske tana da shekara ashirin da biyu, ni goma sha biyar. Cikinta wata bakwai, ta dawo gida don mijinta yana teku. Tsohon likitanmu ya kwantar da ita ta gefen hagu, ya saurara, ya fita waje da babanmu. Ba abin da za a yi a lokacin, ko kuma akwai amma ba don irinmu ba, ban taɓa sani ba. Ta ce ba ta iya kwanciya, na ba ta matashina. Sannan na Mem, uwarmu, sannan na Heit, babanmu. Duk sanyin shekarar a kan hannuna na kwana, ina alfahari, na ɗauka magani nake ba ta.

Ranar huɗu ga Fabrairu Mem ta dawo min da matashin.

Shekara sittin da ɗaya da rasuwar Hiske, ban taɓa rubuta wannan ba. Ina kewarta. Ta iya yin fito da yatsu biyu a baki, ta fi duk mazan ƙauyenmu.

Laraba, ƙarfe biyu da kwata

Ƙofar ta buɗe! Su biyun lafiya. Douwe ya rungume likitar, ya rungume wani mutum da ya zo gyaran fitila. Awa ɗaya da 'yan mintuna, shi ke nan. Awa ɗaya.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da hantsi

Ta dawo gida. Matakala goma sha uku, ba tsayawa. Wannan karon na ƙirga, da ƙarfi ma, tana sama tana yi min gwalo.

Talata, 22 ga Afrilu, da rana

Duk wata za a riƙa yi mata allurar fenisilin, shekaru masu yawa, don kada ciwon ya dawo ya ƙara ɓarna. Ta ce allurar da zafi kamar harbin jaki. Na ce da an yi mata ita tana shekara goma, da ba mu san ɗakin jiran nan ba. Ta ce da an yi wa Hiske. Na gaya mata labarin a makon jiya, a kan fere.

Katakan kuwa na ɗora tukwanen furanni a kansu. Sun dace, kamar don haka aka yi su.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Mace! Sunanta Rahwa. A asibiti, da likitoci biyar da na'urori sun fi na jirgin sama, kuma ban ce uffan ba. Na kafa shamuwar katakon Sjoerd a lambu don duk titi ya san an haihu, haka al'adarmu take. Na shafa wa busasshen burodi man shanu na barbaɗa 'yan ƙwayoyin alewa masu ruwan hoda, na raba har wa mai kawo wasiƙa. Na kai wa Dokta Hoekstra nasa, ya tambayi gwiwata, muka kalli juna.

Yau na zama Beppe, wato kaka, karo na biyar, amma wannan daban ce.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Douwe ya kawo min matasaina uku. Na leƙa bayan azahar, na ƙwanƙwasa, ba amsa. Tana kwance shame-shame a kan matashi ɗaya, baki buɗe, jaririya a gefe. Na daɗe a bakin ƙofar ina kallo.

Da ta tashi ta kira Keren. Sau shida kafin layi ya shiga. Aka yi guɗa, aka yi kuka, sannan ta gaya wa uwarta komai. Daga nan ta kalle ni, ta yi tambayar. Ba na jin yarensu, amma na ji uwar tana dariya. Luwam ta rufe wayar da tafin hannu.

"Ta ce wace irin tambaya ce wannan. Ta ce Sarauniya ai sarauniya ce, matashi uku take kwana a kai."

Ban san lokacin da na karɓe wayar ba. Na ce a kai Selam asibiti a Asmara, gobe ba jibi ba, kafin aure, kafin ciki. Na ce a kwantar da ita ta gefen hagu, a sa a ƙarƙashin nono, kada a danna, kuma in likita ya yi murmushi kada su tashi daga kujerar. Da harshenmu nake ta ihu, matar ba ta jin ko kalma ɗaya, Luwam tana fassarawa a kafaɗata. Na ji uwar ta yi wata tambaya, Luwam ta amsa tana share ido tana dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce wace ce wannan mai faɗa. Na ce Beppe ce, ba ta shiga harkar mutane."

Can babu balan-balan sai baƙin likitoci sun zo, kuma masu jira da yawa. Luwam ba ta ɓoye min ba. Amma akwai allura, akwai wata huɗu kafin Satumba, kuma uwar ta daina dariya.

Motar Asmara tana tashi gobe ƙarfe shida nasu, biyar namu. Na saita agogo, kamar ni ce zan shiga.